Gem ɗin yaro ya cinye mani iCloud: in goge ko in sayi ƙarin wuri?

Wata baiwar Allah daga Ƙofar Marusa ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Atamfa da leshi nake sayarwa ta WhatsApp, wayata iPhone ce. Wata biyu ke nan kullum sai ta turo mani saƙo wai iCloud ya cika, ba za ta iya yin bakof ba. Da na duba sai na ga wani gem da ɗana ya saka ya kwashe fiye da rabin wurin. Na ce zan goge, yaro ya dasa mani kuka wai wahalarshi ta shekara guda za ta tafi. Shi ma ƙanena mai Infinix, Gmail ɗinshi ya daina karɓar saƙo, ya ce shi ma gem ne. In goge ne, ko in sayi ƙarin wuri?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kada ki goge gem ɗin yau, kada kuma ki biya ko sisi tukuna. Aikin da ke gabanki bai wuce na minti ashirin ba, sai dai akwai abin da dole ya riga wani, in aka juya su to yaron zai yi kukan gaskiya. Sannan ciwon wayarki da na ta ƙanenki ba ɗaya ba ne, alamar ce ta zo iri ɗaya. A taki, gem ɗin yana da laifi. A tashi kuwa, ko ban ga wayar ba zan iya cewa kura ce da shan bugu, gardi yana gefe yana karɓar kuɗi.

Abin da muke haɗewa mu kira gem, a cikin waya kashi uku ne. Akwai manhajar kanta wadda aka sauko da ita daga App Store. Akwai lodin da take jawowa bayan an buɗe ta. Kin san lokacin nan da yaro zai zauna ya ƙura wa wani layi ido yana cika a hankali, datarki tana zuba, yana cewa "Mama saura kaɗan"? To taswirorin fagen daga ne ake saukewa, da muryoyi, da kiɗa, da rigunan 'yan wasa, da filayen ƙwallo. Nan nauyin yake, a manyan wasanni yakan kai giga da yawa. Kashi na uku shi ne wanda yaron yake yi wa kuka: matakin da ya kai, da kuɗin cikin gem da ya tara, da bindigogi ko 'yan ƙwallon da ya mallaka. Wannan ɗan lissafi ne kawai a rubuce, sau da yawa bai kai nauyin hoton atamfa ɗaya da kike tura wa kwastoma ba.

Ki ɗauki misali da ɗakin kayanki. In aka ce wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, littafin bashi za ki fara wawura, ba kwalaye da ledojin zuba kaya ba. Kwali ko gobe kika shiga Babbar Kasuwa kin samu. Littafin bashi in ya ƙone ya ƙone, sai dai ki jira masu tsoron Allah su kawo da kansu. To iCloud, wato ma'ajiyar intanet da Apple ke ba masu iPhone, wurin ajiye littafin bashi ne, ke kuma naki an cika maki shi da kwalaye.

Yadda abin ke faruwa shi ne, Apple giga 5 yake ba kowane asusu kyauta, kuma tun 2011 da aka fito da iCloud adadin bai motsa ba. A shekarar, iPhone 4S daga giga 16 ta fara. Yau gem ɗaya irin Genshin Impact ya fi ƙarfin wannan wayar kacokan, amma giga 5 ɗin yana nan inda aka bar shi. A cikinshi ake cusa bakof ɗin waya, wato kwafin kayan da ke cikinta, da hotuna, da hirarrakin WhatsApp, da sauran tarkace. In dare ya yi, waya tana jikin caji, a kulle, kuma ta samu waifai, sai ta kwashi kayanta ta kai can. Ba ta ɗaukar manhajojin kansu, sunayensu kawai take riƙewa tunda ana iya sake sauko da su. Amma abin da kowace manhaja ta tara a ɗakinta, wannan tana ɗauka.

Apple ya san da wannan matsala tun farko, shi ya sa ya ware wa kowace manhaja wurin zuba kayan wucin gadi wanda bakof ke tsallakewa, ya kuma ba masu ƙera manhaja hanyar liƙa wa fayil alamar cewa kada a kwashe shi. Ƙa'idar da ya gindaya masu ita ce duk abin da za a iya sake saukowa da shi daga intanet, kada a bari ya shiga bakof. Mai gem ɗin da ya bi wannan, gem ɗinshi na iya cin giga goma a waya amma a iCloud ya ci 'yan mega ƙalilan. Wanda ya yi ganganci ya jibge taswirorinshi a wurin kayan daraja, waya ba ta da wayon tantancewa, duka za ta ɗauka. Kuma a iPhone ba a yanka wa manhaja iyakar abin da za ta kai iCloud ba, in ta ga wuri sai ta miƙe ƙafa. Wannan ne dalilin da za ki ga wasanni biyu masu nauyi ɗaya a waya, ɗaya ba ya ko cikin jerin masu cin wuri, ɗayan ya hau kan WhatsApp ya zauna.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba gem ɗin ba ne, wata biyun nan ne. Kwanakin baya wani magidanci ya kawo mani iPhone 11 a shago, nan wajen Ƙofar Ƙaura, batir zai canza. Na ce mashi kafin mu buɗe ta bari mu duba bakof. Ya yi dariya ya ce ai komai nashi yana sama. Muka shiga, na juya mashi sikirin ɗin na nuna mashi da farce layin da ke faɗin ranar bakof na ƙarshe da ya kammala. Wata bakwai. A saman jerin wani gem ne na harbe-harbe da 'ya'yanshi ke bugawa, ya kusa giga uku. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa, sai ya ce, "To duk hotunan sunan da aka yi da Ƙaramar Sallah fa?" Na ce suna cikin wayar nan da ke hannuna, kuma nan kaɗai suke. In bakof ɗin da za a yi ya fi wurin da ya rage girma, waya ba ta ɗaukar rabi ta bar rabi, fasawa take gaba ɗaya. Ke nan duk cinikin da kika yi cikin wata biyun nan, da hotunan rasit da kwastomomi suka turo, da wa ya biya wa ya rage, ki ɗauka ba su da kwafi ko'ina har sai kin gani da idonki. In wayar ta faɗa bokiti gobe, ba gem za ki yi wa kuka ba.

Duk da haka da yaron za mu fara, don nashi ne ba ya gyaruwa in aka kuskure.

Ki kira shi, ya buɗe gem ɗin a gabanki, ya shiga saitin ciki, wurin da aka rubuta Account. Abin da ake son sani ɗaya ne: da asusu ya shiga, ko a matsayin baƙo, wato Guest. Wasannin da ake bugawa da intanet, ci gaban mai wasa ba a waya yake zaune ba, yana can a kwamfutocin kamfanin. Waya makulli kawai take riƙewa. In an ɗaure gem ɗin da asusu, makullin yana kanka, duk wayar da ka ɗauka ka shiga za ka tarar da kayanka. Call of Duty Mobile ana ɗaure shi da asusun Activision ko Facebook, eFootball da Konami ID, Clash of Clans da Supercell ID, Free Fire da PUBG Mobile da Facebook ko makamancinshi. Amma in Guest ne, makullin ƙwaya ɗaya ne tak kuma a cikin wayar yake. Yara kuwa Guest suka fi dannawa, saboda shi ne ba ya tambayar komai, kuma suna sauri kafin a karɓe waya.

Wannan darasin da tsada na saye shi. Shekarun baya wani ɗalibi ya kawo mani Tecno ta maƙale a tambari, ba ta gaba ba ta baya. Na tambaye shi ko yana da bakof, ya ce lambobinshi duk suna Gmail. Na yi mata filashin, wato na share komai na sake ɗora mata tsarinta, ta tashi garau, ya biya ya tafi yana godiya. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo, ya tsaya bakin kanta bai ce uffan ba, ya miƙo mani wayar. Gem ɗinshi ne a buɗe, mataki na ɗaya, ɗan wasan tsaye da singileti. Shekara biyu yana bugawa, har da kuɗin makaranta ya gutsura ya sayi lu'ulu'un ciki, kuma duk a Guest. Ba abin da na iya yi mashi sai haƙuri, na mayar mashi da kuɗin aikin, amma na san ba shi ya dame shi ba. Laifina ne, ban yi tambayar da ta dace ba. Tun daga ranar, kafin in soka wa wayar matashi igiya sai na ce, "Wane gem kake bugawa, kuma da me ka shiga?"

To in Guest ne ya ɗaure shi yanzu. Shawarata a ɗaure da imel ɗin da ke kike riƙe da kalmar sirrinshi, ba na abokinshi ba, ba kuma wanda wani yaron shago ya buɗe ba. Wannan ɗin ma ciwo ne da ke cin mutanen garin nan: a sayi waya ta hannu, mai shago ya buɗe maka Gmail ko Apple ID a tsaye, ka tafi ba ka san kalmar sirri ba, shi ma kafin sati ya manta. Ki rubuta imel ɗin da kalmar sirrin a takarda ki sa inda kike ajiye takardun gida. Daga nan a gwada: ya karɓi wayar kawunshi ko ta wani da ke da gem ɗin, ya shiga da asusun. In ya ga matakinshi da kayanshi, shi ke nan, ya fita daga asusun ya mayar da waya. Kada ki yarda da "ai na yi", sai kin ga gwajin.

Sai naki aikin. Ki shiga Settings, ki taɓa sunanki a can sama, sai iCloud, sai Manage Account Storage, a sabbin wayoyi Storage kawai aka rubuta. Ki shiga Backups ki zaɓi wayarki. Za ki ga ranar bakof na ƙarshe, da Next Backup Size, wato girman wanda take son yi ta kasa, a ƙasa kuma jerin manhajoji daga mai nauyi zuwa marar nauyi. In ba ki ga duka ba ki taɓa Show All Apps. Ki kashe koren maɓallin da ke gaban gem ɗin. Za ta tambaye ki ko kin yarda a kashe a kuma goge, kalmar Delete ɗin nan ce ke firgita mutane su ja da baya. Kwafin da ke iCloud kaɗai za a goge. Gem ɗin yana nan a waya ba abin da ya taɓa shi, yaro zai ci gaba da bugawa a ranar.

Akwai togaciya guda. Wasannin da ba su bukatar intanet, wasunsu a cikin waya kaɗai suke ajiye komai. Minecraft misali ne: duniyar da yaro ya gina, gida-gida, a kan wayar take zaune. Irin waɗannan in kika cire su daga bakof, ranar da waya ta lalace ginin ya rushe. Abin sa'a yawancinsu ba su da nauyi a jerin, sai ki bar su. Ma'aunin da nake bi mai sauƙi ne: in gem ba ya buɗuwa sai da data, kuma an ɗaure shi da asusu, to ba shi da hurumin zama a iCloud.

Wani zai ce maki ki yi Offload App, wanda Apple ya kawo tun 2017. Shi wannan, manhajar yake cirewa ya bar kayanta a waya, kuma kayan ne dai ke shiga bakof. Yana rage cikar waya, ba ya rage cikar iCloud. Mutane suna yawan cakuɗa waɗannan biyun. Memorin waya daban, ma'ajiyar intanet daban, kamar ɗakinki da sito ne. Waya mai giga 128 tana iya zama rabinta fanko alhali iCloud ya toshe.

Wani kuma zai kawo hujjar data, ya ce in aka canza waya sai an sake sauke taswirorin nan duka, ga data ta yi tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Tsadar gaskiya ce, amma lissafin bai fita ba. Dawo da giga uku daga iCloud shi ma giga uku ne na data, ba aljani ke kawo shi ba. Ƙari a kan haka sai da aka kashe wata datar wajen kai shi. Nan ma ki lura, in MiFi kike kunnawa a gida, iPhone ɗinki waifai take ganinshi, ba ta san da kuɗinki kika saya ba. Da yawa masu cewa datarsu tana ƙarewa cikin dare, bakof ne ke jigila.

Tunda kina cikin jerin, ki duba wasu abubuwa kafin ki fita. In akwai bakof na tsohuwar wayar da kika daina riƙewa, kuma kin tabbatar duk kayanki sun dawo wannan, ki goge shi. WhatsApp kuma yakan shiga sau biyu: yana da nashi bakof a cikin saitinshi, Chats sannan Chat Backup, ga shi kuma a cikin bakof ɗin waya. Ga mai tura hotunan kaya ɗari a wuni wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Ki tabbatar na cikin WhatsApp ɗin ya kammala da kwanan watan yau, sannan ki cire shi daga jerin waya.

Sai wani ɓarawon da ba a zargi. Yaran yanzu ba buga gem kawai suke ba, ɗaukar bidiyon sikirin suke don su ɗora a TikTok ko su tura wa abokai su ga yadda suka kashe mutum huɗu a jere. Ki yi lissafin da kanki: bidiyon da ke cin mega ɗaya a daƙiƙa, wanda matsakaici ne, a minti ɗaya ya ci 60, wasa ɗaya na rabin awa ya ci kusan giga biyu. Uku irin wannan sun wuce giga 5 ɗinki. Kuma ba da sunan gem suke fitowa ba, cikin hotunanki suke sajewa. Ki buɗe Photos ki nemi rukunin Screen Recordings. Sai dai ki yi hattara da yatsanki: a ka'ida abin da aka goge yana kwana 30 a Recently Deleted kafin ya tafi, amma in kina amfani da iCloud Photos kuma kin wuce iyakar wurinki, abin da kika goge nan take yake tafiya. Ki zaɓa ɗaya bayan ɗaya, kada leshin kwastoma ya bi bidiyon harbi.

Yanzu ƙanenki. Google giga 15 yake bayarwa, kuma tukunya ɗaya ce Gmail da Drive da Google Photos suke ci a ciki, shi ya sa in ta cika imel ke tsayawa, ba shiga ba fita. Dalilin da na wanke gem ɗinshi shi ne, tun Android 6.0 na 2015 aka yanka wa kowace manhaja mega 25 a bakof na kai-tsaye. Wadda kayanta suka wuce haka ba a ɗaukar mata komai, tsallake ta ake. Ko wasanni ashirin ya saka, kowanne ya cika mudunshi fal, mega 500 ke nan, rabin giga. Ajiyar ci gaban wasa ta Google Play Games kuwa mega 3 ne iyakar kowace ɗaya. Da me za su cika giga 15?

Ya buɗe burauza ya shiga one.google.com/storage, zai ga an rarraba mashi wa ya ci nawa. Ina kyautata zaton ɗayan biyu zai gani a sama. Ko Google Photos, wanda tun 1 ga Yuni 2021 aka daina ba shi wuri kyauta marar iyaka, ko kuma WhatsApp, wanda daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 aka fara lissafa bakof ɗinshi cikin giga 15 ɗin. Mutane da yawa ba su ji labarin canjin ba, sun dai wayi gari Gmail ya toshe, suka kama wanda ya fi kusa. In yana cikin zaurukan WhatsApp goma ana turo wa'azi da bidiyon biki da na siyasa, kuma ya kunna Include Videos, to an gano ɓarawo. In kuma Photos ne, can ma za a tarar da bidiyon gem, don wasu wayoyin, irin Samsung da Redmi, suna zuba hoton sikirin a cikin foldar DCIM inda hotunan kyamara suke, Google Photos kuwa duk abin da ya gani a nan nashi ne. A tashi wayar ya shiga saitin Photos, Backup, sai Back up device folders, ya kashe duk foldar da ba ta kyamara ba.

Wajen gogewa ne ake yin ɓarna. In ya goge bidiyo a cikin manhajar Google Photos alhali bakof yana kunne, daga waya da intanet duka zai fita. In yana son ya rage na intanet ya bar na waya, ya fara kashe bakof a wayar, sannan ya shiga photos.google.com ta burauza ya goge a can. Maɓallin nan na Free up space kuwa kishiyar abin da yake nema ne, na waya yake sharewa ya bar na intanet. Bayan ya gama ya zubar da kwandon shara na Drive da na Gmail, don abin da ke cikinsu ana lissafa shi har sai an zubar. Ya kuma tambayi kanshi waya nawa ce ke kan Gmail ɗin nan. Na sha ganin gida guda, ta maigida da ta uwargida da ta yaro duk a kan imel ɗaya, kowa yana zuba hotunanshi a tukunya ɗaya, kowa kuma yana iya ganin na kowa, wanda shi ma wata fitinar ce ta daban. Kada ya yi wasa da wannan gyaran. Imel ɗin da aka aiko mashi lokacin da akwatin yake cike komawa yake wurin mai shi, in yana jiran kiran aiki ko saƙon makaranta sai ya wuce shi bai sani ba. Google kuma ya faɗa cewa wanda ya shekara biyu yana sama da iyakarshi ana iya share mashi kaya.

Saura maganar biya. Ba na hana mutum sayen wuri. Apple yana da giga 50 da 200 har zuwa sama, Google One yana da giga 100, duk biyan wata-wata ne ko na shekara inda aka bayar da zaɓin, kuma ana iya raba wa mutum biyar na gida. Ke da kasuwarki take cikin waya, in bayan wannan sharar hotunan kayanki da WhatsApp sun fi ƙarfin giga 5, ki sayi na 50 hankalinki kwance, kuɗin ba su kai asarar littafin bashi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki riƙa biyan haya duk wata don ajiye taswirar gem da kamfaninshi ke rabawa kyauta. Ki kuma sani haya ce ba saye ba, watan da katinki ya ƙi biya kin koma giga 5, bakof ya sake tsayawa. In kuma damuwar ta canza waya ce kawai, tun iOS 15 Apple yana ba da aron wuri kyauta na kwana 21 don a kwashe kaya zuwa sabuwa, yana cikin General, Transfer or Reset iPhone. Mai kwamfuta a gida yana iya yin bakof ɗin duka a kanta ba tare da data ba. A kan kwamfutar shago dai ban ba ki shawara ba, ko tawa ce, hotunan iyali ba abin bari a hannun mutane ba ne.

Don kada a koma gidan jiya, ki shiga Screen Time, Content & Privacy Restrictions, ki hana saka sabuwar manhaja da sayen abu a cikin gem sai da lambar da ke kaɗai kika sani. Duk sabon gem da aka saka, da kanshi yake shiga jerin bakof, ba ya neman izini, saboda haka wanda kika yarda a saka sai ki bi shi ki kashe mashi maɓalli. Bidiyon da yaron ke ɗauka kuma ku yi yarjejeniya, ya tura inda zai tura ya goge kafin magariba.

Daren yau in kin gama, ki haɗa wayar da waifai ki shiga iCloud Backup ki taɓa Back Up Now, ki bar ta a caji. In an ɗauke wuta ki sa mata fawa bank, ya wadatar. Da safe ki koma ki karanta layin da ke ƙarƙashin maɓallin. In ya nuna daren jiya, aiki ya yi. In har yanzu tsohuwar ranar ce, ki duba Next Backup Size ki gwada shi da wurin da ya rage, sannan ki leƙa saitin waifai ɗin ko an kunna Low Data Mode, don shi ma yana dakatar da bakof ɗin da waya ke yi da kanta.